Kalmar da Ta Kai Ticha Eulalee Kasuwa

Shekara goma sha tara Icilda ba ta ce wa ƙanwarta Eulalee ko ci kanki ba. Gari ɗaya suke, coci ɗaya suke zuwa, amma in suka haɗu a hanya sai Icilda ta juya ta yi wa jakinta magana. Kowa a Cedar Gap ya san da wannan, har an daina mamaki. Abin da ya sa lamarin ke ci wa Eulalee rai kuwa, Icilda ba mai rowar baki ba ce. Ita ce Mis Icy mai doya, wadda in ta buɗe murya a kasuwar Asabar ake jiyo ta har bakin gada. Ta wanke direbobin manyan motoci, ta wanke mai yankan tikitin rumfa, ta taɓa yi wa wani dattijon coci tatas har ya sake cocin zuwa. Duk wanda ya isa a san da zamansa a garin nan ya sha daga bakinta. Ƙanwarta kaɗai ta hana.

Ita Eulalee Dacres, wadda kowa ke kira Ticha, shekara talatin da huɗu ta yi da alli a hannu, rabin ƙarshe a makarantarmu ta kan tudu. Doguwa ce siririya, ba ta fita sai da malafa da farar safar hannu, ko da rana ta take tsaka. Turancin Sarauniya take yi, tana tauna kowace kalma kafin ta sake ta. Yaran garin nan da yawa sun sha rula a tafin hannu saboda sun kuskura sun yi magana irin ta iyayensu a cikin aji. To ga inda abin dariyar yake. Tana yin ritaya sai ta shiga taimakon wasu malamai a Kingston da ke tattara maganar mutanen tsibirin don haɗa ƙamus. Kalmomin da ta kora da rula, su take bi yanzu gida gida tana lallashi.

Aikin yana da ƙa'idarsa. Kowace kalma da katinta, ɗan farin kwali da bai wuce tafin hannu ba. Dakta Pinnock, mai jan ragamar aikin, ba ya karɓar an ce ka ce. Sai an rubuta maganar yadda ta fito daga baki, da sunan mai bakin, da wuri, da rana. Eulalee tana son wannan ƙa'ida, don ita ma haka halinta yake. Ba ta taɓa aika kati da misalin da ta ƙirƙira a kan teburinta ba.

Ranar wata Litinin wasiƙar Dakta ta iso da jerin kalmomin da ya kusa rufewa. Cikinsu akwai "trace". Ya ba ta ma'ana a layi ɗaya: zage-zagen matan kasuwa, ba kai ba gindi. A ƙasa ya ƙara da cewa in Ticha ta samu misali, yana maraba.

Sau uku ta karanta layin, kowane karo ranta na ƙara ɓaci. Ba kai ba gindi, wai. Mutumin da bai taɓa tsayawa a kasuwa ya ci zufa ba shi zai faɗi haka. Ta jawo takarda ta shiga rubuta masa amsa. A Turancin littafi, in ji ta, kalmar bin sawu take nufi, kamar yadda maharbi ke bin sawun dabba, kuma su kansu Turawan Ingila daga Faransanci suka aro ta. A fahimtarta, da kalmar ta sauka a bakin mutanenmu sai ta koma bin sawun mutum da harshe. A faro daga kakanninsa, a gangaro ta kan uwa da uba, a iso kansa, ana tone duk abin da ya binne. Ba faɗan uwa da ɗanta ba ne, ba tsawar malami ba ce, waɗannan Turanci yana da kalmominsu daban. Wannan tsakanin tsara da tsara ake yi, da rana tsaka, a gaban shaidu. Ba a kai hannu. Ba a kuma yin ƙarya, don kina sako ƙarya matan rumfuna za su yi miki caa, kin faɗi ke nan.

Ta kai nan sai alƙalamin ya tsaya. Akwai sauran doka ɗaya, kuma ita ce ta karya ta.

Ranar da aka binne mahaifiyarsu Mama Adina a bayan gida, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ko ƙasa ba a gama mayarwa ba Icilda ta riƙe ƙugu ta fuskance ta a gaban jama'a. Eulalee a lokacin tana koyarwa a wani gari can yammacin tsibirin, da safiyar ranar ta iso. Ta saurara na ɗan lokaci, ta gyara malafarta, ta ce ba za ta zubar da mutuncinta ba, ta juya ta tafi. A ganinta ta yi abin da wayayyar mace za ta yi. Mu kuwa a garin nan, in aka tsaya a gabanki aka buɗe miki ciki, tsayawa ake yi a mayar. Ki rama, ki yi kuka, ki sha kashi, duk an yarda. Amma ki juya baya, kin ce wa mutum shi ba sa'anki ba ne, bai kai ki ɓata yawu a kansa ba. Icilda ta rufe bakinta a tsakiyar magana, kuma ba ta sake buɗe mata shi ba.

Kada mu yaudari juna. Akwai mata goma a kasuwar nan da za su cika wa Ticha kati kafin ta gama fere fensir. Ita ma ta san haka. Kati dalili ne kawai da Allah ya kawo mata. Abin da take so shi ne yayarta ta dube ta ta yi mata magana, ko da zagi ne, kuma ta daɗe tana so, girman kai ne ya hana ta nema.

Washegarin zuwan wasiƙar, Maas Uriah mai kwakwa ya tsaya da amalankensa a ƙofar gidanta. Tsoho ne mai ƙafa ɗaya gajera, rumfarsa na jikin ta Icilda tun suna matasa.

"Ticha, kin ji labari ko sai na ba ki?"

"Ina kwana, Maas Uriah. Wane labari?"

"Au, ina kwana. Yayarki dai za ta bar mu. Ɗanta Lenford ya aiko da tikitin jirgin ruwa daga Birmingham. Ran Laraba mai zuwa za ta tashi. Asabar ɗin nan ita ce kasuwarta ta ƙarshe."

Eulalee ta dafa ƙyauren ƙofa. Ta san masu tafiya Ingila a shekarun Icilda, ba su cika dawowa ba.

"Ta sayar da gonar?"

"Ta ba jikan Mis Vie mai kifi haya. Jakin ma ni zan riƙe. Na ce bari in faɗa miki, don na san ita ba za ta faɗa ba." Ya sare mata kwakwa ɗaya da adda ya miƙa. "Sha, fuskarki ta yi fari fat."

Ran Alhamis da hantsi ta shirya. Ta ɗauko rigar sanyi ta ulu da ta saya tun shekarun baya ba ta taɓa sawa ba, ta naɗe a takarda, ta hau tudun gidansu na gado. Ta tarar da Icilda a tsakar gida tana kankare tukunyar ƙarfe, ƙatuwar mace mai faɗin kafaɗa, gashi ya yi furfura a gefen ɗankwali. Jakin, wanda take kira Gwamna, yana ɗaure a gindin mangwaro.

"Barka da hantsi, Yaya Icy. Na ji za ki yi tafiya. Na kawo miki wannan, an ce ƙasar da sanyi."

Icilda ta ci gaba da kankara.

"Na kuma zo in ce, in akwai abin da ya shiga tsakaninmu a baya, ina ganin lokaci ya yi da za mu zauna kamar masu hankali mu tattauna shi."

Icilda ta ɗago, amma jakin ta kalla.

"Gwamna, ka ji iskar yau? Da Turanci take kaɗawa."

Ta zubar da ruwan tukunyar, ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Eulalee ta tsaya da ƙunshinta a hannu har ta fara jin kunyar jakin. Daga ƙarshe ta ajiye rigar a kan turmi ta sauko. Kafin la'asar rigar ta riga ta dawo, an rataye ta a shingen gidanta, ko takardar ba a kwance ba.

Maas Uriah da ya ji yadda aka yi, dariya ya yi har da dafa amalanke.

"Da ladabi kika je? Haba Ticha, duk karatun nan naki. Ai ladabin ne laifinki tun farko. Mace ta yi shekara goma sha tara da magana a maƙogwaro, ke kuma kin kai mata rigar sanyi."

"To me zan kai mata?"

"Kanki za ki kai. Kasuwa za ki zo, a gaban mutane, yadda kika bar ta a gaban mutane. Kuma kada ki jira ta fara, ba za ta fara ba."

"Ni ban iya ba, Maas Uriah."

"'Yar Adina ce ke faɗin haka? Uwarku da ta sa mai gonar rake ya sauko daga kan doki ya ba ta haƙuri? Yana nan cikin jininki, kin dai danne shi da safar hannu."

Ranar Juma'a ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Ta zauna ta tsara abin da za ta faɗa a takarda, sakin layi uku, ta haddace. Tsoro take ji, ba na wasa ba. Mutanen da za su taru tsoffin ɗalibanta ne da iyayensu, waɗanda ke cire hula in ta wuce. Ta san in ta yi wannan abu, har ta mutu ana ba da labarinsa. Ta auna wannan da jirgin ran Laraba, ta ga jirgin ya fi nauyi.

Asabar kasuwa ta cika tun da sassafe, don labarin tafiyar Mis Icy ya zaga ƙauyuka. Ga tulin doya da gwaza, ga nonnan ayaba kore, ga attarugu da citta, ga warin kifin gishiri ya cika ko'ina. Icilda tana zaune a kan kujerar Mama Adina mai ƙafa uku, siket a tattare tsakanin gwiwoyi, tana yanka doya da wuƙa tana yi wa masu saye tsiya suna jin daɗi. Misalin ƙarfe goma Eulalee ta ratso layin rumfuna, jaka a hannu, katunan da fensir a ciki. Ta tsaya a gaban tulin doyar.

Ta ɗauki guda, ta juya ta, ta soka mata farce, ta mayar, ta kakkaɓe hannu. A kasuwar nan babu cin fuskar da ya fi wannan. Matan da ke kusa suka juyo.

"Gwamna," in ji Icilda, "kori ƙudan nan daga kan kayana."

Eulalee ta ajiye jakarta a ƙasa. Ta zare safar hannu ɗaya bayan ɗaya. Ta cire malafa ta miƙa wa Maas Uriah, wanda ya karɓa da hannu biyu. Sannan ta riƙe ƙugu. Ba ta ma san inda ake ajiye ƙafa ba.

"Icilda Dacres," ta fara, "ina so in sanar da ke a gaban wannan jama'a cewa ɗabi'arki ta kasance abin takaici ƙwarai, kuma rashin tarbiyyar da kike nunawa bai dace da mace mai shekarunki ba."

Kasuwa ta fashe da dariya. Mis Vie mai kifi har da tafa cinya.

"Ticha, rahoton ƙarshen zango kike karanta mana?"

"Saura ki ce ta kawo uwarta ran Litinin," in ji wani daga baya.

Icilda ta ja dogon tsaki ta ci gaba da yankan doya. Eulalee ta ji fuskarta ta ɗau zafi. Sakin layi na biyu ya gudu daga kanta, na uku ya bi shi. Ƙafafunta suna ce mata ta ɗauki jakarta ta tafi, ta san hanyar, ta taɓa bin ta. Ta kafe su a ƙasa. Da ta sake buɗe baki ba abin da ta haddace ya fito ba, kuma ba da Turancin Sarauniya ya fito ba. Da harshen gidansu ya fito, wanda ta yi shekara arba'in ba ta taɓa shi ba.

"Ke Icy. Mama ta yi sati uku a kwance tana kiran sunana. Daga gidanmu zuwa gidan waya taku nawa ne? Kin wuce ta ƙofarsa sau nawa da jakinki? Ba ki buga mini telgiram ba sai da ta yi sanyi. Ki ce ƙarya nake yi. Ga Mis Vie nan, ita ta riƙe miki fitila. Ki ce ƙarya ne."

Dariyar ta ɗauke. Mis Vie ta sunkuyar da kai, ba ta ce ƙarya ne ba.

Wuƙar ta tsaya a tsakiyar doya. Icilda ta ajiye ta a hankali. Ta miƙe, ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaure shi tamau, ta tako har gaban ƙanwarta, ta dube ta ido cikin ido.

"Ni kike tona wa, Eulalee?"

Eulalee ta ji sunanta a wannan muryar. Daɗi ta ji, tsabar daɗi, ga kuma tsoron abin da ke tafe.

"To tsaya nan, kada ki motsa. Ku matso ku ji, jama'a, yau Madam Ticha ta sauko daga kan tudu. Bari in gaya muku 'yar wace ce. Kakarta Nana Quasheba a gonar rake ta haifi uwarmu, ta yanke cibi da addar aiki, ta koma layin masu saran rake kafin rana ta faɗi. Kakanta na wajen uba ɓarawon akuya ne, an san shi har gari uku. Ubanta Josiah ya tafi aikin ayaba a ƙetare da alkawarin wata shida, har yau muna jiran wata na bakwai. Uwarta ta ɗauki doya a ka mil tara, ƙafa ba takalmi, don wannan ta sa takalmi. Ni aka cire daga aji uku aka ɗora mini kwando, don wannan ta zauna a benci. Ƙarya nake yi?"

"Gaskiya ne," in ji matan rumfuna.

Abin ya zo a jere, daga sama har ƙasa, ba gargada. Hannun Eulalee ya nufi jaka da kansa, don ta san ko Dakta Pinnock zai shekara yana yawo ba zai ji kamar wannan ba. Icilda ta gani.

"Taɓa fensirin nan ki gani. Da ke nake magana, ba da takarda ba."

Eulalee ta mayar da hannun ƙugunta.

"Sai aka kai ta kwalejin malamai a birni. Uwarmu ta yi kewar 'yarta, ta soya kifi, ta gasa burodin rogo, ta hau bayan motar kaya kwana guda. Ta isa ƙofar kwaleji da kwando a ka. Wannan ta fito da ƙawayenta masu fararen safa. Suka ce, Eulalee, wace ce wannan? Faɗa musu abin da kika ce. Faɗa da bakinki, ke da kika iya Turanci."

Kasuwa ta yi shiru, har ana jin Gwamna yana tauna ɓawon rake. Eulalee ba ta taɓa sanin Mama ta kawo wannan magana gida ba.

"Na ce mai kawo mana doya ce."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"Na ce mai kawo mana doya ce. Na faɗa. Shekarata goma sha takwas a lokacin, kuma babu ranar da ban tuna ba. Na so in durƙusa in roƙe ta, kullum ina cewa sai hutu mai zuwa, sai hutu mai zuwa. Ke kika san ba sauran hutu, kika yi shiru. Na yi laifi ina yarinya, ke kika yi naki da furfura a ka. Me na yi miki da za ki hana ni sati uku?"

Icilda ta buɗe baki ta rufe. Waɗanda suka san ta shekara arba'in ba su taɓa ganin haka ba. Ƙirjinta na hawa da sauka. Da ta yi magana, muryar ta sauko, amma kowa ya ji.

"Eh, ban buga ba. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke ɗura mata kunu da cokali. In na sunkuya a kanta sai ta shafa fuskata ta ce, Lee, kin zo? Kullum Lee. Na ce bari in jira gobe, ko za ta ce Icy sau ɗaya. Gobe ta yi, na ce jibi." Ta share hanci da bayan hannu. "Ba ta ce ba. Shi nake son gaya miki ran nan a gindin mangwaro. Na faro daga sama ina gangarowa, saura kaɗan in iso kaina, kika juya kika tafi."

Eulalee ta ji tausayin yayarta ya rufe ta, har ya fi ƙarfin haushin da ta zo da shi. Kuka ya zo mata, irin mai sa fuska ta yi muni, kuma ba ta rufe fuskar ba. Ba ta matsa gaba ba, don ba a kai hannu. Ba ta ja da baya ba. Suka tsaya haka, tsofaffi biyu riƙe da ƙugu, hawaye na zuba, kowacce ta ƙi sauke ido.

Mis Vie ce ta fara juyawa ta koma kan kifinta, sauran suka bi. A nan in an gama, watsewa ake yi a bar masu abin da abinsu. Maas Uriah ya ajiye malafar a kan amalanke ya kama saran kwakwa kamar ba shi a wurin.

Icilda ta koma ta zauna a kujerarta da ƙyar. Ta tura wani akwatin katako da ƙafa.

"Zauna, kafin ki faɗo mini a kan doya. Ashe kina da baki."

"A gida na koya."

"Ba ki koya da kyau ba. Wa ya ce miki ana farawa da ƙarshe? Ko kakana ba ki taɓa ba."

"Kakanmu ɗaya, Yaya."

"Shi ya sa ya fi sauƙi."

Eulalee ta zauna. Icilda ta ɗauki doyar da aka soka wa farce, ta dube ta, ta jefa mata a cinya, ta ce wannan ta zama tata, ba mai sayen ta. Can ta nuna jakar da haɓa.

"Uriah ya ce wai maganar mutane kike tarawa a kwali."

Eulalee ta ba ta labarin ƙamus, da kalmar, da abin da Dakta ya rubuta. Icilda ta saurara tana murguɗa baki.

"Ba kai ba gindi? Turo mini shi kafin Laraba."

"Ba zai iso ba."

"To rubuta. Daga Nana Quasheba har ƙasa, kada ki gyara mini ko kalma ɗaya zuwa Turancinki. Ki sa sunana cikakke, Icilda Adina Dacres, mai doya."

"Har da na Mama da telgiram?"

"Wannan namu ne. Ba na likitan kalmomi ba."

Eulalee ta fito da kati ta ɗora a gwiwa. Kati ɗaya bai isa ba, sai da ta ci shida, Icilda na maimaitawa tana leƙen hannunta duk da ba ta iya karanta rubutun haɗe ba. Tsakanin nan tana sallamar masu saye. Da suka kai ƙarshe Icilda ta tsaya tana kallon layin rumfunan har inda ya ƙare.

"Kin san abin da Lenford ya rubuto? Wai Mama, in kin zo ki kama bakinki. Can ba a ɗaga murya. Maƙwabta in sun ji sai su kira ɗan sanda. Wai ko a kasuwa layi ake bi, kowa shiru." Ta juya wuƙar a hannunta. "Ɗaki ɗaya a saman bene, Lee. Su fita aiki tun asuba. Ko Gwamna babu. Tsoro nake ji."

Eulalee ta jera katunan a gwiwarta.

"Za ki riƙa rubuto mini," in ji Icilda, kuma ba tambaya ba ce. "Duk wata. Amma kada ki kuskura ki aiko mini da ina fata kina lafiya kamar yadda nake lafiya. Ki tone ni sosai, tun daga sama. Lenford zai karanta mini da ƙarfi, in zaunar da shi ya rubuta amsa."

"Yaron zai sha wahala."

"Ya sha. Shi ya aiko da tikiti."

Wata mata ta tsaya tana taya doya, tana cewa ta yi tsada. Icilda ba ta ko dube ta ba. Ta miƙa wa ƙanwarta wuƙar ta wajen ƙota.

"Ga mai ciniki nan, Ticha. Sallame ta mu gani. Kwana huɗu ya rage mini in gyara miki bakin nan, kuma aikin da yawa."

Eulalee ta zuba katunan a jaka, ta naɗe hannun rigarta, ta karɓi wuƙar.